Gudanar da manhajojin nazarin DNA daga nesa a kan uwar garken ɗakin gwaje-gwajenku: tambayoyi da amsoshi

Tun da aka ɗora mini kula da uwar garken da sashenmu ya saya don nazarin jerin DNA, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawo mini daga ɗaliban digiri na biyu da na uku, da ma'aikatan wasu ɗakunan gwaje-gwaje masu son kafa tasu. Wasu na amsa su a baki har sun fi sau goma, shi ya sa na ga gara in rubuta. Na farkon na sabon shiga ne, na ƙarshen kuma na wanda zai riƙe makullin ɗakin.

Me ake nufi da gudanar da manhaja daga nesa?

Kwamfuta mai ƙarfi tana zaune a wani ɗaki, a kunne dare da rana, an girka mata manhajojin nazari. Ita ce uwar garke. Kai kuma kana ofis ko gida, ka buɗe burauza, ka shiga shafinta, ka ba ta fayil, ka zaɓi aikin da kake so, ka danna. Can aikin zai gudana, naka kawai jiran sakamako, ko da ka rufe laftof ɗinka ka tafi masallaci.

Duk wanda ya taɓa liƙa jerin DNA a shafin BLAST, manhajar nemo jerin da suka yi kama da naka, na cibiyar NCBI da ke Bethesda a Amurka ya riga ya yi wannan. Bambancin kawai shi ne a nan uwar garken taku ce: ku kuka saya, ku ke zuba mata bayanai, ku ke cewa wane zai shiga wane ba zai shiga ba, kuma idan ta lalace ku za a nema.

Ga NCBI, ga EBI, ga Galaxy duk kyauta. Me zai sa mu wahalar da kanmu?

Sau da yawa babu dalili, kuma gara in faɗa tun yanzu. Idan aikinka jerin 16S, ɓangaren DNA da ake gane bakteriya da shi, guda ashirin ne kake son sanin ko waɗanne ƙwayoyin cuta ne, shafin NCBI ya ishe ka. Idan daidaita jerin furotin ne, cibiyar EMBL-EBI da ke Hinxton kusa da Kambirij a Ingila tana da Clustal Omega da InterProScan a buɗe ga kowa. Shafukan usegalaxy.org na Amurka da usegalaxy.eu na Freiburg a Jamus kuwa suna ba mai rajista wurin ajiya da ya kai gigabait 250, da dubban manhajoji a girke. Na sha ganin sashe ya kashe kuɗi kan na'ura alhali duk aikinsa bai fi abin da waɗannan za su yi a yini ɗaya ba.

Kafa taku tana da amfani ne idan ɗaya daga cikin abubuwan nan ya same ku. Ko dai kuna da jinom, wato cikakken jerin DNA na wata halitta, da ba a wallafa ba, misali na wani irin wake ko dawa da kuka karanta da kanku, kuna son kowa a ƙungiya ya riƙa bincike a cikinsa, to ba ya cikin rumbun NCBI balle a nemo shi can. Ko bayanan na mutane ne, ba ku da izinin fitar da su, kamar yadda zan yi bayani can gaba a tambayar samfurin marasa lafiya. Ko kuma yawan aikin ya wuce abin da ake lamunta a gidan mutane: NCBI ta ce kada a tuntuɓi uwar garken BLAST fiye da sau ɗaya a cikin daƙiƙa 10, EBI kuma tana roƙon kada a tura aiki sama da 30 a lokaci guda, sannan tana share sakamako bayan mako ɗaya.

Dalili na ƙarshe shi ya fi damun mu a nan, wato intanet. Na'urar karanta DNA tana ɗakinku, bayanan da take fitarwa masu nauyi ne, hanyar fita kuma siririya. Kai aiki wurin bayanai ya fi sauƙi a kan ɗaukar bayanai zuwa wurin aiki.

Me zai hana kowa ya girka manhajojin a laftof ɗinsa a huta?

Ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, ita ce ke hanawa. Jinom ɗin Plasmodium falciparum mai kawo zazzaɓin cizon sauro haruffa miliyan 23 ne, na E. coli miliyan 4.6, na ƙwayar korona kuwa dubu 30 kacal. Waɗannan laftof mai gigabait 8 zai lallaɓa da su. Amma dawa ta haura miliyan 700, gero ya kusa biliyan 2, ɗan Adam ya wuce biliyan 3. Manhajar STAR da ake daidaita RNA da ita tana buƙatar wajen gigabait 30 na RAM idan jinom ɗin mutum ne, Kraken2 kuma sai ta ɗora rumbunta kacokan a cikin RAM kafin ta fara tantance ƙwayoyi.

Ban da haka, yawancin manhajojin nan don Linux aka rubuta su, ɗalibanmu kuma Windows gare su. Mutum goma su girka abu ɗaya a kwamfuta goma, sai ka sami siga biyar daban-daban da sakamakon da bai yi daidai da juna ba. Akwai tambaya a kan wannan can gaba.

Wace irin na'ura za mu saya?

Ku fara da tambayar kanku wace halitta za ku fi aiki a kanta. Masu ƙwayoyin cuta da bairos, kwamfutar tebur mai ƙarfi, da masarrafi mai kawuna 16 da RAM gigabait 64, za ta riƙe ƙungiyar mutum goma ba tare da kuka ba. Masu tsirrai da dabbobi, musamman idan za su harhaɗa jinom daga tushe, su nemi RAM daga 256 zuwa sama. Idan kuɗi ya gaza, a rage kawunan masarrafi a ƙara RAM da wurin ajiya, domin ƙarancin kawuna jinkiri kawai yake kawowa, ƙarancin RAM kuwa kashe aikin yake yi bayan ya ci awa goma sha.

Masu MinION, ƙaramar na'urar karanta DNA ta kamfanin Oxford Nanopore, su sa katin GPU na NVIDIA a lissafi, don manhajar Dorado da ke mayar da siginar na'urar zuwa haruffa tafiyar hawainiya take yi in babu shi. Kuma kada a ƙare kuɗin a kan kwamfutar kaɗai. Ku karanta amsar tambayar wuta kafin ku sa hannu a takardar saye.

Wace manhaja ce za ta ba mu shafin da mutane za su shiga?

Idan BLAST kaɗai kuke so a kan jerin da kuka mallaka, SequenceServer ce mafi sauƙi. Ɗakin binciken Yannick Wurm na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ne ya samar da ita. Ka nuna mata jakar da fayilolin FASTA masu ɗauke da jerinku suke, ta taimaka maka ka mayar da su rumbun BLAST, ta buɗe shafi a ƙofa mai lamba 4567. Akwati ɗaya ne na liƙa jeri da maɓalli ɗaya, kuma da kanta take gane ko DNA ka liƙa ko furotin. Da hantsi za ka fara, kafin azahar tana aiki.

Idan aikin mai matakai ne, a duba ingancin guntayen jerin da na'urar karantawa ta fitar, a datse su, a daidaita, a nemo bambance-bambance, to Galaxy ce. An fara ta a 2005 a Jami'ar Jihar Pennsylvania, ƙarƙashin Anton Nekrutenko da marigayi James Taylor. Kowace manhajar layin umarni ana yi mata ɗan fayil na XML da ke bayyana abin da take karɓa da abin da take fitarwa, Galaxy ta mayar da shi fom a burauza. Ba sai ka rubuta su da kanka ba, dubbai suna nan a ma'ajiyar Tool Shed. Abin da na fi so da ita shi ne tana rubuta tarihin kowane mataki, har sigar manhaja da zaɓin da aka yi. Sai dai kafa ta don jama'a ba wasa ba ne. Wadda za ka sauke ka kunna a ƙofa 8080 ta gwaji ce. Ta aiki tana buƙatar manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL a maimakon SQLite, da nginx mai karɓar buƙatun burauza a gabanta, da mai tsara layi, kuma masu ita da Ansible suke koyar da girkawa. Ka ware mako guda, ba yamma ɗaya ba.

Ga waɗanda suka iya R ko Python kuwa, RStudio Server da JupyterHub sun fi dacewa. Suna rubutu a burauza, lissafin yana gudana a uwar garke.

Muna da namu ɗan shiri da muka rubuta. Na yi masa shafi, amma da aiki ya yi tsawo sai in ga 504. Me ke faruwa?

Wannan kuskure kusan kowa ya fara da shi, har da ni. Ka rubuta shafin ta yadda da an danna maɓalli zai kunna manhajar, ya tsaya jiranta, sannan ya mayar da amsa. A gwaji da ƙaramin fayil lafiya lau. Da aikin gaske ya zo sai nginx ya yi jiran daƙiƙa 60, wanda shi ne wa'adinsa na asali, ya gaji ya yanke, ya nuna 504. Ƙara wa'adin ba magani ba ne, don ko nginx ya yi haƙuri netwok ɗin mai amfani ba zai yi awa uku bai katse ba.

Yadda ake yi shi ne irin na mai injin niƙa. Ka kawo hatsi, ya karɓa, ya sa wa kwanonka alama, ka tafi harkarka ka dawo. Shafin ya karɓi aiki, ya ba shi lamba, ya jefa shi a layi, ya mayar da lambar nan take. Wani shiri daban a bayan fage shi ke ɗauko aiki daga layin yana gudanarwa. Mai aiki kuma ya riƙa tambaya da lambarsa lokaci-lokaci: yana layi, yana gudana, ya ƙare, ko ya faɗi. Haka NCBI da EBI suke yi, haka Galaxy ma. Matakai uku ne, miƙawa, tambayar hali, karɓar sakamako.

Idan 413 ka gani ba 504 ba, wannan girman fayil ne. A tsarinsa na asali nginx ba ya karɓar abin da ya wuce megabait 1 sai an ɗaga masa iyaka.

Ina da samfuri 300. Sai na danna maɓalli sau 300?

A'a. Galaxy tana da tarin fayiloli da ake bi da su ta jerin matakai ɗaya a lokaci guda. Bayan haka, duk abin da kake yi da linzami akwai ƙofar API da shiri zai yi shi a madadinka. Ka ɗauki makullin API daga saitin asusunka, ka yi amfani da BioBlend na Python ka ɗora fayil, ka kunna matakai, ka kwaso sakamako. Makullin nan daidai yake da kalmar sirrinka, kada ka bar shi cikin shirin da za ka ɗora a GitHub.

Idan ka ci karo da tsofaffin takardu masu maganar SOAP da WSDL da Soaplab da Taverna, wannan salon shekarun 2000 ne na wannan aiki. Yanzu REST ake yi. Masu manyan ayyuka kuma sun fi karkata ga Nextflow da Snakemake, waɗanda ba shafi gare su ba, ta layin umarni ake kunna su, amma sun iya ci gaba daga inda aiki ya tsaya. A ƙasar da ake ɗauke wuta wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan mutum goma suka tura aiki lokaci ɗaya fa?

In babu mai tsara layi, duk za su tashi tare, RAM ta cika, Linux ya zaɓi wanda ya fi ci ya kashe, kuma sau da yawa wanda ya fi daɗewa yana gudana ne. Slurm ake sa wa, ko da kwamfutar ɗaya ce tak. Kowane aiki ya faɗi kawuna nawa da RAM nawa yake so, Slurm ya ba shi idan akwai, in babu ya jira. Galaxy ta san yadda za ta miƙa masa aiki.

Rigimar da za ta biyo baya ta mutane ce. Lokacin kare kundi kowa aikinsa na gaggawa ne, kuma akwai malamin da zai aiko a ce a sa ɗalibinsa gaba. Ku rubuta ƙa'ida tun ana zaman lafiya, shugaban sashe ya sa hannu, ku manna a ƙofa.

Fayilolina manya ne, ɗorawa ta burauza kullum sai ta katse. Yaya zan yi?

Yi lissafi tukuna. Jinom ɗin mutum ɗaya da aka karanta ninki 30 yana iya kai gigabait 100. A kan layi mai gudun megabit 10 a daƙiƙa, wannan awa 22 ne, in bai katse ba ko sau ɗaya. Idan uwar garken tana cikin harabarku, ɗauki faifan ajiya ka taka da ƙafa, ko a ja wayar netwok daga na'urar karantawa zuwa gare ta. Mai kula da Galaxy zai iya shigar da fayilolin daga jakar da suke ba tare da an sake kwafe su ba.

Idan dole sai ta intanet, yi amfani da rsync, don yana ɗorawa daga inda ya tsaya. Kada ka warware fayilolin FASTQ, wato na ɗanyen guntayen jeri, daga matsinsu na gz, manhajoji suna karanta su a haka. In an gama, gwada md5sum a ɓangarorin biyu ka tabbatar lambobin sun zo ɗaya. Fayil ɗin da ya yanke a tsakiya yakan yi kama da lafiyayye, sai an kai mataki na huɗu ya fara ba da kuskuren da ba wanda zai gane tushensa. Idan kuma kamfanin waje ne ya karanta muku samfurin, a sa uwar garken ta sauke kai tsaye daga wurinsu da dare, kada ya bi ta laftof ɗin kowa.

Ta yaya zan shiga daga gida, ko daga wani gari?

A cikin haraba abu ne mai sauƙi, adireshin cikin gida ya isa. Daga waje ne ake shan wahala, domin yawancin layukan da muke amfani da su, na kamfanonin waya da ƙaramin tsarin Starlink, ba sa ba ka adireshin IP naka na kanka da za a iya samunka daga waje. Mutane da yawa ne suke raba guda ɗaya. Ko ka buɗe ƙofa a rautarka ba mai isowa.

Hanya mafi tsafta ita ce a nemi sashen kwamfuta na jami'a ya ba ku adireshi da suna, ko ya sa ku a VPN ɗinsa. In hakan ya gagara, ku haɗa naku da WireGuard ta kan wata ƙaramar kwamfutar haya, ko ku yi amfani da Tailscale wanda ke ratsa irin wannan shinge da kansa. Wanda yake da izinin SSH, hanyar shiga layin umarnin uwar garke daga nesa, kuma zai iya haƙa rami, ya sa ƙofa 8080 ta uwar garke ta bayyana kamar a laftof ɗinsa take.

Gargaɗi ga masu shiga ta SSH: aikin da ka kunna kai tsaye a baƙin allo yana mutuwa idan layinka ya yanke. Wata ɗalibarmu ta kunna harhaɗa jinom da la'asar, ta kwana tana leƙawa, da asuba datarta ta ƙare, aikin awa goma sha uku ya tafi. Ta zo ofis ido ya yi ja tana cewa, "Malam, na'urarku ta cinye mini aiki." Ba na'ura ba ce. Ka buɗe tmux ko screen kafin ka kunna komai, ko ka miƙa wa Slurm.

Wa zai damu da ƙaramar uwar garkenmu har ya yi mata kutse?

Ba mutum ba ne yake zaune yana nemanku, shirye-shirye ne masu kewaya intanet suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Ka buɗe ƙofa 22, wato ta SSH, ga duniya, ka duba rajista washegari, za ka ga baƙin adireshi suna ta gwada sunaye da kalmomin sirri. DNA ɗinku ba ya gabansu. Masarrafin suke so su haƙi kuɗin kirifto da shi, ko su kulle fayiloli su nemi fansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuma yawanci kalmar sirri ce irin sunan sashe da shekara. A hana shiga SSH da kalmar sirri, a koma makulli. Kowa da asusunsa. A sa HTTPS, takardar Let's Encrypt kyauta ce kuma tana sabunta kanta. SequenceServer da ka girka da kanka ba ta tambayar kowa ko wane ne, don haka kada ta fuskanci waje sai da wani shinge a gabanta.

Mai rubuta shafinsa da kansa yana da ƙarin hatsari guda. Idan ka ɗauki abin da mutum ya rubuta a fom, ko sunan fayil ɗinsa, ka manna shi cikin umarni ka miƙa wa shell, shirin da ke karɓar umarni a Linux, to ka ba shi damar gudanar da duk abin da ya ga dama. Alamar waƙafi mai ɗigo ɗaya ta isa ya rufe umarninka ya buɗe nasa. A Python ka miƙa wa subprocess jerin kalmomi ɗaya-ɗaya, kada ka kunna shell=True, ka sake wa duk fayil ɗin da aka ɗora suna da kanka, kuma kada shafin ya gudana da ikon root, asusun da ke da iko kan komai a na'urar.

Samfurinmu na marasa lafiya ne. Akwai abin da ya bambanta?

Akwai. Cire suna daga fayil bai mayar da jinom ɗin mutum marar mai shi ba, don jerin kansa shaida ne, kuma yana faɗin wani abu game da iyayensa da 'ya'yansa da ba a nemi yardarsu ba. A Najeriya Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya da na ƙwayoyin gado cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su waje. Ku duba takardar amincewar da mutanen suka sa wa hannu da abin da kwamitin ɗa'ar bincike ya yarda da shi kafin ku ɗora komai a shafin wata ƙasa.

Ko ƙwayar cuta kuke nema, kamar Lassa ko tarin fuka, samfurin jini ko majina yana zuwa da DNA ɗin mai shi a ciki. A tace guntayen ɗan Adam a uwar garkenku kafin a tura sauran rumbun jama'a. Takardar da ke haɗa lambar samfuri da sunan mutum kuwa kada ta kwana a na'urar da kowa ke shiga.

Wuta fa? Da zafi?

Nan ne yawancin uwayen garke suke mutuwa. Na'urar da ke jan wat 300 tana cin kilowat-awa 7.2 a yini, ban da abin sanyaya ɗaki. UPS na minti goma ba don a ci gaba da aiki ba ne, don a samu a rufe lafiya ne ko a tsallake tazarar tayar da janareta. Ku haɗa shi da kwamfutar ta wayar USB, ku girka NUT ko apcupsd, ta yadda in batir ya yi ƙasa za ta kashe kanta cikin tsari. Mu sai da muka yi asara muka koya: an ɗauke wuta ƙarfe biyun dare ana tsakiyar rubutu a faifai, da safe rumbun Galaxy ya ƙi tashi, kwafin da muke da shi kuma na wata biyu da suka wuce ne. Inbata da batiran lithium da sola su ne suka kawo mana sauƙi.

A watan Afrilu ɗaki marar sanyi yana sa masarrafi ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone, faifai kuma su tsufa da wuri. Da hunturu ƙura ce, ka buɗe murfi ka tarar fankoki sun yi gashi. A rufe tagogi, a ɗaga na'urar daga ƙasa, a busa ta kafin hunturu da bayansa.

Ni da abokina mun gudanar da abu ɗaya, sakamako ya bambanta. Wa ya yi kuskure?

Wataƙila ba kowa. Ku duba sigar manhaja, da zaɓin da kowa ya yi, da sigar rumbun. A BLAST ƙimar E, mai nuna yawan kamannin da za a samu bisa dace kawai, tana tafiya da girman rumbu, don haka jeri ɗaya a ƙaramin rumbunku da kuma a babban rumbun nt na NCBI ba zai ba da lamba ɗaya ba, kuma nt ɗin ma kullum ƙaruwa yake. A jinom ɗin mutum, sigoginsa biyu, GRCh37 da GRCh38, ba su da lambobin wuri iri ɗaya.

Maganin shi ne a ɗaure siga. Bioconda tana ba ka damar cewa ga ainihin sigar da kake so, BioContainers kuma ta zuba kowace a kwantena, wato ƙunshin manhaja da duk abin da take buƙata. A na'urar da jama'a ke rabawa an fi son a gudanar da kwantena da Apptainer, wanda a da ake kira Singularity, a kan Docker, domin wanda aka ba ikon Docker kusan an ba shi ikon na'urar duka. Kuma kada mai kula ya sabunta manhaja ko rumbu a ɓoye ana tsakiyar aikin ɗalibai. Ya girka sabuwar a gefen tsohuwar, ya rubuta ranar da ya sauke kowane rumbu.

Faifai ya cika, alhali kowa ya ce ya goge nasa.

A Galaxy gogewa hawa biyu ce. Ta farko ɓoyewa ce kawai, fayil ɗin yana nan sai an share shi dindindin, kuma mai kula sai ya tsara shirin shara yana gudana. A sa wa kowa iyakar wuri tun ranar farko. Fayilolin SAM na sakamakon daidaitawa a mayar da su BAM ko CRAM, waɗanda ba sa cin wuri kamarsu.

RAID, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, ba kwafin ajiya ba ne, yana kare ka daga mutuwar faifai ne kawai, ba daga gogewar kuskure ko gobara ba. Abin da ba ya sake samuwa shi za a fara kwafewa: ɗanyen bayanai daga na'urar karantawa, rumbun PostgreSQL, da fayilolin saiti. A ajiye kwafi ɗaya a wani gini, kuma a gwada dawo da shi sau ɗaya a zango.

Ba gara mu yi hayar kwamfuta a AWS ko Google ba?

Ga aiki mai nauyi na mako biyu, ko bitar kwana biyar, haya ta fi. Ba ruwanka da wuta da ƙura, kuma duk abin da aka faɗa a sama game da Galaxy da tsaro yana aiki a can. Amma da dala ake biya, ajiya tana cin kuɗi kowane wata ko ba a taɓa ta ba, fitar da bayanai ma da kuɗinsa, kuma na'urar da aka manta a kunne ba ta daina lissafi. Sannan sai ka fara tura bayanan can, ka koma kan lissafin awa 22 na tambayar manyan fayiloli. Ana iya haɗa biyun: Galaxy tana da Pulsar, wanda ke tura aikin da ya fi ƙarfin na'urarku zuwa wata a nesa ya dawo da sakamako.

Wa zai kula da ita, kuma a ina zai koya?

Wannan ya kamata a fara tambaya kafin a sayi komai. Abin da na fi gani shi ne ɗalibi ɗaya mai ƙwazo ya kafa, ya gama digiri, ya sami gurbi a waje, kalmar sirrin root ta bi shi. Bayan wata shida na'urar miliyoyin naira ta zama teburin ajiye takardu. A sa mutum biyu, ɗaya ma'aikaci na dindindin, kuma a rage masa wani aikin, don kulawar tana cin awanni kowane mako.

Wurin koyo akwai. Cibiyar horarwa ta Galaxy tana da darussan masu kula da uwar garke a buɗe, mataki-mataki. Ƙungiyar H3ABioNet, wadda aka kafa a 2012 ƙarƙashin shirin H3Africa, Farfesa Nicola Mulder ta Jami'ar Cape Town ta jagorance ta, ta horar da mutane da yawa a faɗin Afirka har da Najeriya, kuma da wuya a rasa wanda ya bi ta hannunta a manyan jami'o'inmu. Ku neme shi. Ku kuma buɗe littafi, na takarda ko fayil, a rubuta duk abin da aka girka da ranar da aka girka da dalili. Kalmomin sirri a sa su a ambulan a rufe, a ba shugaban sashe ya ajiye, a sake su duk ranar da ɗaya daga cikin masu kula ya bar aiki.